Nata'ala, Wanda Ya Sare Itacen Matarsa Don Bado Ya Yi Fure

Kowace safiya, kafin jirgin ƙasa na layin District ya cika da masu zuwa aiki, Malam Nata'ala ya riga ya durƙusa a bakin tafkin da ke bayan gidan baƙi na unguwar Barking a Landan. Tafki dai muke ce masa don kara, in ba haka ba faɗinsa bai wuce tabarma uku ba. Sai ya zura hannu cikin ruwan nan mai sa ƙashi tsami, ya tsinke ganyen badon da ya yi rawaya, ya kwashe gansakuka. In ya gama ya hau bene ya tambayi marasa lafiya yadda suka kwana.

Mutumin Nguru ne, ɗan masunta. Ya zo Landan shekarar samun 'yancin kai yana yi wa wani ma'aikaci kuku, maigidan ya koma gida, shi aka bar masa kula da wannan masauki. Da arzikin mai ya zo, duk mai ɗan hali ya koyi ɗauko majinyacinsa zuwa Landan, gidan ya cika da masu jiran likita. Wasu sun koma da ƙafarsu. Da yawa kuwa Nata'ala ne ya yi musu wanka ya raka su makwanci.

Dominsu ya dasa badon. Yakan ce wanda ciwo ya hana shi cin tuwo bai hana shi kallo ba. Badon Turawa ya samo, mai jure sanyi, ya dasa shi cikin kwando da laka mai nauyi, ya rufe da tsakuwa. Da hunturu ya bar shi can ƙasa, ƙanƙara ta rufe samansa, ba abin da ke samunsa. Shekarun farko fure ya yi ta fitowa fari tas, har mutanen Hadeja da Gashuwa suna zama a gabansa suna hawaye.

Matarsa Karimatu ce ta yi abin da kowace mace tamu za ta yi. Ta ga ruwa ba inuwa, ta ga baƙi na zama a fili, sai ta dasa tuffa a gefen kudu. A gida wannan sadaka ce. A Landan kuwa rana ba ta isar kowa, bado kuma in bai sha ta ya ƙoshi ba sai dai ya yi ta ganye. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma Karimatu ta rasu itacen bai daɗe da fara 'ya'ya ba. Yana girma fure na raguwa, har aka daina ganinsa. Ka san dalili, Malam, mu ma mun sani, amma wa zai buɗe baki? Ƙarƙashinsa kake shan shayinka, shi ne kawai abin da ta bar maka da ke raye.

Bara cikin Afrilu wani malamin makaranta daga Hadeja, Zailani, ya sauka da matarsa Zinatu. Bayan an yi mata aiki ya dawo daga asibiti ya sami Nata'ala a kicin.

"An yi discharge ɗinta, Baba. Sun ce ba sauran abin yi, kuma ba za ta iya jirgi ba."

Scholastica, nas 'yar Pankshin da ke zuwa yi mata allura, ita ta ba mu labarin abin da ya biyo baya. Ranar da aka fara fito da Zinatu shan iska, ta ƙura wa ruwan ido.

"Baba, bado nake gani ko idona ne?"

"Bado ne, 'yata, na Turawa."

"To yaushe zai yi fure?"

"Wajen Yuli, in Allah ya kai mu."

"In ya kai ku dai," in ji ta, tana murmushi. Ta ce tana yarinya ita da innarta sukan shiga kwalekwale tsinkar 'ya'yan bado. "Na haƙura da ganin gida, Baba. Ni dai in ga fari ɗaya a kan ruwa."

Da farko rassan tuffar Nata'ala ya rage, yana lallaɓa kansa ko hakan zai isa. Bai isa ba. Katangar maƙwabta ta tare ranar safe, tuffa ta tare ta tsaka. Wata safiya Zailani ya ji ƙarar zarto, ya fito ya tarar da tsohon a gindin itacen, furen tuffa na zubo masa a hula. Ya riƙe masa hannu.

"Baba, don Allah bari. Wannan na Inna Karimatu ne."

"Karimatu ta gama da inuwar duniya, Zailani. Sake ni, kada in fasa."

Scholastica ta ce ya yi ta tsayawa yana goge fuska, wai garin katako ne ke shigar masa ido. Da itacen ya faɗi, ya shiga ruwan har ƙugu, ya ciro kwandon, ya raba saiwar da ta cushe da wuƙa, ya sake mata laka. Sanyin da ya shige shi ranar nan shi ne har yau bai bar gwiwoyinsa ba.

Daga nan sai jira. Zinatu na ramewa, tsohon na leƙen ruwa. Har ta daina saukowa, sai dai ya hau ya ce mata toho ya taso, ya kusa kai sama. Ranar da ya buɗe, a kan katifa aka ɗauko ta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malalaci ne na Turawan nan, Baba. Sai hantsi yake tashi. Namu a buɗe yake kwana."

Ba ta yarda an mayar da ita ɗaki ba sai da furen ya rufe wajen la'asar. Cikin makon ta cika.

Kai ne uban baƙi, Nata'ala na Karimatu. Ƙarshen watan nan za ka koma Nguru, don yanzu likita ya hana ka taɓa ruwan sanyi, kuma mun sani da nauyin zuciya za ka hau jirgi, ka bar kabarin matarka a ƙasar wasu. Mun gode, Allah ya saka maka. Mu da muka rage a garin nan, majinyata ba za su daina zuwa ba, kuma ba allura kaɗai suke buƙata ba. A sami masu zuwa su zauna da su, a sami wanda zai karɓi tafkin.

Da muka je yi masa sallama, Scholastica ta tambaye shi ko yana nadamar sare itacen.

"Kullum," in ji shi. "Amma ta gani."