Larabcin da Ba'amurke Ya Koya a Motata

Ranar da kamfani ya ɗauke ni tuƙi a Doha, shugabanmu, wani Ba'indiye mai saurin magana, ya tambaye ni ko ina jin Larabci. Na ce masa shuwayya, wato kaɗan. Ina kallo ya ja layi a takardarsa, a gidan masu jin Larabci, ban hana shi ba. Larabcin nawa kuwa bai wuce na makarantar allo ba, sai yalla da khalas, wato mu je da shi ke nan, da na tsinta a titi. Shekara biyu na yi ina jan bas ɗin leburori daga unguwar Mesaimeer, bas ɗin da na'urar sanyinsa sai ta ga dama take hurawa, babu wanda ya sake tuna wannan layi sai ni.

Da bazara ta shigo aka kira ni ofis. Wata makaranta ta karɓi ɗalibai daga Amurka, za su yi sati takwas suna koyon Larabci, ana neman direbobi masu jin yaren don yaran su riƙa gwadawa a hanya. Aka duba takarda aka ga sunana. Aka miƙo mini makullin farar mota sabuwa, mai sanyi kamar cikin randa. Na karɓa, amma na san idan aka gano gaskiya, bas zan koma.

Wanda ya faɗo a rabona saurayi ne dogo, ɗan shekara ashirin ko da ɗaya, jajawur, kullum cikin gajeren wando kamar wanda aka koro daga filin ƙwallo. Ƙarfe tara yake fitowa da kofin gahawa wanda ya kusa kai butar alwala girma. Daga ƙofar masaukinsa zuwa mota taku goma ne, amma sai ya zauna yana fifita da hannu, yana gaya mini irin wahalar da yake sha da zafin ƙasar nan. Ni yake gaya wa. Karatun nasa awa uku ne. Daga nan sai wurin ninkaya, sai babban kanti, sai gidan abinci, inda ba ya kai loma baki sai ya ɗauki hoton farantin ta gefe uku. Da yamma ya zauna ya rubuta wa mutanen garinsu yadda yake fama a ƙasar Larabawa.

Da ɗan Turancina na firamare muke magana. Safiyar farko da ya buɗe ƙofa, bakina ya riga ni, na ce masa sannu. Ya zaro wani ɗan littafi mai baƙin bango daga aljihu.

"Me ka ce?"

"Gaisuwa ce," na ce.

"Ba ta cikin littafinmu. Haka mutane suke faɗi a nan?"

Na lissafa yadda zan amsa ba tare da na yi ƙarya ba. Sai na ce, "A ɗakinmu kowa haka yake faɗi."

Kuma gaskiya ne. Mu shida ne a ɗakin, a unguwar Fereej Abdel Aziz, dukkanmu 'yan Arewa. Ya rubuta, har da jan layi biyu a ƙasa.

Daga ranar littafin nan ya zame mini ciwo. Idan na tsaya ina jiransa na kira maiɗakina a waya, sai in juyo in gan shi a bayana yana rubutu. Ya kwashi madalla, ya kwashi yawwa, ya kwashi ina gajiya. Wata rana wani ya sha gabana a shataletale na ce kai, ɗan nema, ita ma ta shiga littafi. Na gwada rufe bakina gaba ɗaya, sai ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, ya ce zai gaya wa makaranta a duba ni. Dole na ci gaba da magana.

Na kai kukana wurin babbanmu a ɗakin, wani Bazazzagi mai gadi a asibiti, wanda tun da ya ji ni Bakano ne bai taɓa barina na huta ba.

"Yaya, ina tsoron hakkin yaron nan. Iyayensa sun turo shi neman ilimi."

"To ba ilimin kake ba shi ba? Wa ya ce Hausa ba ilimi ba ce?"

"Shi a zatonsa Larabci ne."

"Ya taɓa tambayar ka daga ina kake?"

"Bai taɓa ba."

"To ka ji. Kai Bakano, an ba ka mota mai sanyi kana neman hanyar da za ka mayar. Gobe koya masa a daidaita sahu, ka ce masa addu'ar shiga mota ce."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na riƙa juya abin a raina har a cikin salla, sai da na yi ƙabli da ba'adi ya fi a ƙirga a watan nan.

A sati na huɗu ya ce ya gaji da manyan benaye, yana son ganin mutanen gaske. Na kai shi tsohuwar unguwar Al Asmakh. Ya sayi farar jallabiya da ƙyallen kai, ya naɗa a karkace, ya bi lungu yana ɗaukar hoton tsofaffin ƙofofi da shanyar mutane. Singiletin wani bawan Allah da ke kan igiya ya sha hoto ya fi sau biyar. A shagon shayi ya miƙa wa mai shagon hannu, mutumin Bangaladash, ya ce masa, "Ina gajiya?" Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya zuba shayinsa. A mota ya bayyana mini cewa talakawa suna jin kunyar yarensu a gaban baƙo, ya karanta haka a jami'a.

Sai ga sati na bakwai, ya shigo da murna. Kowane ɗalibi zai tsaya gaban aji ya yi bayani a kan abin da ya gano da kansa, shi kuma nasa a kan Larabcin titin Doha ne, wanda babu shi a littafi. Ya ce zai ambaci direbansa don a san inda ya samo. Kwana uku ina shirya maganar da zan yi masa da Turanci, ina maimaitawa a banɗaki. Safiyar bayanin na gangara gefen titi na tsaya.

"Kalmomin nan da ka rubuta," na ce, "ba Larabci ba ne. Yarenmu ne na gida."

Ya dafa kafaɗata, ya yi mini irin kallon da likita ke yi wa maras lafiya.

"Kada ka sake faɗin haka, abokina. Sun sa ka ɗauka na littafi ne kaɗai Larabci. Naka ma Larabci ne. Ka yi alfahari da shi."

Ya mayar da abin jin waƙarsa kunne. Na tada mota.

Awa uku na yi a wurin ajiye motoci ina jan carbi. Sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Wani dattijo ne baƙi, da tabarau da farin rawani irin na Sudan, malamin ɗaliban. Na sauke gilashi, ya sunkuyo.

"Sannu," ya ce da Hausa mai nauyi. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Malam."

Ya koma Turanci. Ya ce maƙwabtansu a garinsu Hausawa ne, da 'ya'yansu ya tashi. Ya ce ya tambayi ɗalibin a gaban aji ko direban nasa mutumin ina ne, yaron ya ce mutumin nan ne mana. Dattijon ya cire tabarau ya goge ido don dariya. Na ce masa ya yafe mini, laifina ne, na ba shi labarin layin da aka ja a takarda.

"Ni ba zan kai ka ko'ina ba," ya ce. "Shi kuma na gaya masa ya je ya tambaye ka. Mu gani."

Yaron ya fito ya shiga mota, ya ce bayani ya yi kyau, har malam ya yi dariya. Ya ce mu wuce wurin ninkaya. Bai tambaya ba.

Da na bi ta Bazazzagi, da shi ke nan, an wuce wurin. Amma layin nan yana nan a takarda, wata bazarar kuma wani yaron za a kawo da nasa littafin. Ana gobe ɗaliban za su tafi na shiga ofis na ce wa Ba'indiyen a gyara, ba na jin Larabci. Ya ja biro ya soke layin, ya ce khalas, in kai yaron filin jirgi in dawo da makulli, ranar Asabar bas na jirana a Mesaimeer.

A filin jirgi na sauke masa jakunkuna huɗu, biyu da ya zo da su, biyu na tsarabar kanti. Ya zaro littafin, ya ce saura kalma ɗaya, yaya ake sallama da matafiyi.

"Sauka lafiya," na ce. "Hausa ce."

Ya rubuta a hankali, yana motsa leɓe. Ya ɗago kai.

"Hausa," ya ce. "Wace unguwa ce nan? Kusa da inda muka sha shayi?"