Anti Birki da Ƙofar Injin Bokiti

A masana'antar bokitin roba babu mai kiranta Injiniya sai manaja, shi ma sai in yana neman wani abu. Kowa Anti Birki yake ce mata, don duk ranar da inji ya tsaya cak, to a bincika, da hannunta a ciki. Ita kuwa ko a jikinta, har amsawa take yi.

'Yar mai gyaran rediyo ce. A shagon babanta ta tashi, tana riƙe masa tocila tana shaƙar hayaƙin dalma, kuma tun lokacin ta tsani mutumin da zai ɗaka wa rediyo duka ya ce ya gyaru. Ta yi karatu, ta auri malamin firamare, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, suka haifi 'yan mata uku, dukkansu da bakin uwarsu. Shekararta goma sha huɗu a masana'antar. Ofishinta wani lungu ne bayan akwatin wuta, da kujera mai ɗingishi da tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif. Da ita take rubuta wa injuna umarni: yaushe za su matse, yaushe za su saki, yaushe za su tsaya.

Babban injin yana da ƙofar ƙarfe. Da an buɗe ta sai ya tsaya, don in bakinsa ya haɗe da hannun mutum a ciki, sai dai wani hannun ba wannan ba. Wata safiya tana duba bayanan da injin ke ajiyewa, sai ta ga wai mako uku ba a buɗe ƙofar ba. Kai! Injin da bokiti ke maƙale masa sau ashirin a wuni? Ta sauka ta leƙa. Ƙofa a wangale, an manna maganaɗisu a kan na'urar da ke gane rufewarta, inji na ta aiki yana zaton a rufe take. Dattijon da ke kula da shi yana zura hannu yana fizgo bokiti kafin bakin ya haɗe.

"Baba, hannun nan naka na aro ne?" ta ce.

"Haba 'yata, yau na fara? Na san lokacinsa."

Ba ta cire maganaɗisun ba, ta san kafin ta juya baya an kawo wani. Lungunta ta koma, ta ƙara wa umarnin layi shida. Daga ranar, in bokiti ya maƙale, injin ba ya sake motsi sai ya ga an buɗe ƙofa an kuma rufe. Maganaɗisu kuwa "a rufe" kaɗai ya iya faɗa, dole ma'aikata suka ɓamɓare abinsu.

Aiki ya rage sauri, ma'aikata suka daina gaishe ta. Wannan ya yi mata zafi ƙwarai, ba ta ɓoye ba. A gida mijinta ya ce, "Maman yara, ki bi su a hankali mana, aiki ba a hanya ake tsintarsa ba."

"Hannu fa, Malam? A hanya ake tsintarsa?"

Ya ci gaba da duba littattafan ɗalibai.

Bayan kwana huɗu manaja ya sauko da kansa, motar kaya na jira a waje. A gaban kowa ya ce, "Injiniya, ki goge abin da kika sa. Ko ki goge yanzu, ko ki ajiye mana katin shiga."

"Zan goge, yallaɓai, abu ɗaya nake roƙo." Ta nuna bakin injin. "In na goge, bokitin farko da ya maƙale kai za ka ciro shi. Sau ɗaya tak. Ai an ce babu haɗari."

Wani daga baya ya ƙunshe dariya. Manaja ya dubi bakin ƙarfen, ya dubi hannunsa mai agogo, sai ya cusa shi a aljihu.

"Ni za ki yi wa rashin kunya?"

"Allah ya kiyaye, yallaɓai. Tambaya ce."

"Kawo katin."

Ta ciro shi daga wuya ta miƙa masa da hannu biyu. Tsoro kam ta ji, don 'yan mata uku ba iska suke ci ba. Amma wallahi ko kallon kwamfutar ba ta yi ba. Ta ɗauki jakarta da kofin shayinta. Dattijon ya sunkuyar da kai da ta zo wucewa, ta tsaya ta ce, "Baba, a gaida gida."

Ta san sarai za su nemo wani ya goge layin nan shida, ko gobe ko wata mai zuwa. To, ya goge da nasa hannun. Tana bakin get mai gadi na lalube jakarta sai ta ji injin ya tsaya. Ta kasa kunne. Ƙofar ƙarfe ta yi ƙara, aka buɗe, aka rufe garam, sannan injin ya tashi.

"Yi sauri, malam," ta ce wa mai gadi. "Ina da wuraren zuwa neman aiki."