Wanda Aka Nuna Uwarsa

Waina nake sayarwa a unguwar Mansur a shekarun can. Da sassafe nake fita, kafin azahar na tattara tanda na koma ɗaki, don rana ba ta barin kowa a titi. Ɗaki ɗaya ne, ni da 'yata. A goye na shigo da ita Makka. A nan ta yi wayo, Larabci ya cinye mata baki. In na yi mata magana da Hausa sai ta fara amsawa da Hausa ta ƙarasa da Larabci. A lokacin ta zama budurwa, tana ɗinkin abaya a shagon wata mata, ita ma da rana take dawowa.

Tsakanin azahar da la'asar takan jingina wayarta da butar shayi ta kalli katun ɗin Japan. Ni katun na yara na sani, dabbobi suna guje-guje. Wata rana ina tsince shinkafa na ɗaga kai, na ga an cire wa wata yarinya hannu. Yarinya mai manyan idanu da gashi ruwan hoda. Na tambayi 'yata wannan wane irin abu ne. Ta ce animi ake ce masa, ba na yara ba ne. Na ce to su waye suka zauna suka zana wannan, kuma me aka yi musu? Ta yi dariya ta matsa mini.

Na zauna. Ba daɗinsa na ji ba. Na taɓa ganin kisa da idona a garinmu, ina so in ga yadda mai zane yake zaton abin yake.

Labarin wani ƙaramin gari ne a bakin teku, da 'yan makaranta, da wani abu da ke fitowa daga tsofaffin rijiyoyi in damina ta sauka. Kashi-kashi ake nuna shi. Japananci suke yi, rubutun Larabci yana wucewa a ƙasa. Ni ba na karatu, don haka ita take fassara mini. Dole ta nemo Hausar. In kalma ta ɓace mata sai ta tsayar da hoton ta yi ta kwatance da hannu har in ba ta. Ban taɓa jin ta yi doguwar Hausa irin ta lokacin ba.

Da yake kunnena bai da aiki, idona ya yi. Na lura mutanen nan ba sa kisa kai tsaye, suna da tsari. Kiɗa yakan tsaya tukuna, a bar ka da ƙarar ɗigar ruwa. Wanda hankalinsa zai gushe, baƙin idonsa yakan ƙanƙance ya koma kamar ƙwayar gero. Sau da yawa ba sa nuna shigar wuƙa. Bango za a nuna maka, sai ka ga jini ya watsu a kai, jinin da ko sa aka yanka ba zai kai shi ba. Wani lokaci baƙar inuwa takan rufe rabin hoton. 'Yata ta ce masu talabijin ne suke sa a rufe. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, mutum ya ɓata ranarsa yana zana hanji, sannan ya ɗauko baƙin fenti ya shafe. In an gama kuma sai a sako waƙa mai daɗi, har waɗanda aka kashe suna tsalle a cikinta.

In aka yi kashi guda ba a taɓa kowa ba, ana ta cin abinci da wanka a teku, na san kiwata su ake yi. Na gaba ba zai yi kyau ba.

Amma babban abin da na gano shi ne na uwa. Akwai wani yaro mai tabarau, kullum yana bayan mutane, ba wanda ya damu da shi. Rannan sai launin hoton ya dushe, aka koma da shi yana ƙarami, uwarsa tana ɗaure masa ƙunshin abinci. Na ce wa 'yata wannan ya tafi. Ta ce ba zai yiwu ba, shi ne ya san hanyar fita daga garin. Kafin waƙar ƙarshe an ja shi cikin rijiya.

Ta juyo ta kalle ni. "Umma, kin taɓa ganinsa a wani wuri?"

"A ina? A bakin tanda?"

"To yaya aka yi kika sani?"

"An nuna uwarsa."

Daga ranar ya zama wasanmu. Da launi ya dushe sai ta ce malamar duba, me kika gani? Ni kuma in ce a haƙa kabari. Ta ƙara mini ɗaya da ban lura da shi ba saboda a magana yake: duk wanda ya ce in mun fita daga nan zan yi kaza, ko in na dawo zan gaya miki wani abu, ba ya dawowa.

Na tambaye ta me ya sa suke yin haka. Ta ce don mutuwar ta yi wa mai kallo ciwo. Wataƙila. Ni na fi zaton kunya suke ji su kashe mutumin da ba a san ɗan wane ne ba. Ko su waye su, an yi musu tarbiyya ta wannan gefen. Abin da na gani a garinmu ba haka yake ba. Ba a tsaya don kowa ba.

Ana saura kaɗan aikin Hajji, matar da ke sayar da kunu kusa da ni ta faɗi a bakin ƙofarta, ba ta tashi ba. Mun shekara da shekaru muna zama kafaɗa da kafaɗa. Da aka zo neman inda za a aika da saƙon rasuwa, 'ya'yanta suka ce Nijar. Aka ce wane gari? Suka kalli juna. Aka yi ta zagaya unguwa ana tambayar tsofaffi, ba a samu wanda ya tabbatar ba.

Na dawo ɗaki na ga tawa ba ta fi su ba. Ta san ubanta ya rasu a rikici. Iyakar abin da ta sani ke nan. Ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Ba ta san sunan unguwarmu ba, ba ta san wadda ta haife ni ba.

Kowace shekara nakan samu aikin girki a Arfa. Ana gobe za mu tafi, bayan azahar, na ce ta kashe wayar ta zauna. Ta zauna. Na ce gidanmu a bayan kasuwa yake, uwata kuma saƙar faifai take yi, tana da wani tabo a nan gefen wuya.

Ban kai ƙarshen maganar ba ta sa tafin hannunta ta toshe mini baki. 

"Bas, ya Umma, ya isa. Ba yau ba."

Na cire hannun. "Ke 'yar nan, lafiyarki?"

"Ke da bakinki kika ce duk wanda aka nuna uwarsa ya tafi. Gobe za ki Arfa, yau kike nuna mini taki?"

Na ce zane ne. Wasu mutane ne a can ƙasarsu suka zauna da fenti. Ajali a hannun Allah yake, kuma ita da ta yi makaranta ta fi ni sanin haka. Ta ce ta sani, ta yi istigfari, amma duk da haka ba za ta ji ba. Na ga da gaske take. Na sassauta na ce to shi ke nan, in na dawo zan gaya miki.

Wannan ya fi na farko muni. Ta toshe kunnuwanta, ta ɗauki mayafi ta fice gidan maƙwabta. Na yi dariya ni kaɗai, abin da ban cika yi ba. Da dariyar ta wuce sai haushi ya zo. Shekaru na yi kafin in iya buɗe bakin nan, ga shi 'yan Japan sun rufe mini shi.

Haka na tafi Arfa da labarina a ciki. Zafi, manyan tukwane, shinkafa ba iyaka. Ina juya tukunya ina tunanin in na faɗi a nan kamar mai kunu, yarinyar nan Najeriya kawai za ta ce wa mutane. Ban faɗi ba. Murfin tukunya ya ƙona mini tsintsiyar hannu, shi ke nan abin da ya same ni.

Da na dawo ta duba ƙunar, ta shafa mini magani, ba ta ɗauko zancen ba. Ni ma na bar shi. Muka koma kallonmu. A kashin ƙarshe sai launi ya dushe a kan abin da ke cikin rijiyar. Ashe shi ma yaro ne a da, an nuna uwarsa, an nuna abin da mutanen garin suka yi mata. 'Yata tana share ido. Ni na ce wannan kam ban yarda ba. Mutanen da suka shigo unguwarmu da kalanzir ba na son ganin uwar kowannensu.

Ta bar share ido ta kalle ni. Ban taɓa ambatar kalanzir a gabanta ba.

Washegari da rana ina wanke shinkafar waina ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta ce ta yi tunani. A animi wanda ke mutuwa shi ne wanda ya fara da kansa, ya ajiye aikinsa, ya kalli taga, ya ɗauko daga ƙuruciya. Amma wanda ake damunsa da tambaya ba sa kashe shi, don suna bukatar ya amsa ta gaba. Saboda haka ita za ta riƙa tambaya. Ni kuma in amsa abin da aka tambaye ni kawai, kada in ƙara, kada hannuna ya bar aiki.

Na ce wannan dokar ta ina ce? Ta ce tata ce. Sannan ta tambaye ni ƙofar gidanmu wane launi ce.

Shuɗiya ce. Na gaya mata. Na buɗe baki zan ce wanda ya yi fentin, ta ɗaga mini yatsa.

Haka muka yi ta yi. Wata rana tambaya ɗaya, wata rana babu. Sunan garin, ta maimaita har ya zauna a bakinta. Sunan unguwa. Me ake shukawa. Tabon wuyan uwata, ta dawo kansa da kanta. Ko ubanta dogo ne, ko yana faɗa, me yake ci in ya samu zaɓi. Ban iya ba da labari ba, amma amsa tambaya ba ta da wuya. Sanyi ya shigo ya fita kafin ta iso ranar rikicin. Shi ma a gutsure ta ɗauke shi: da safe ne ko da yamma, ina ita take, ta wace ƙofa na bi.

Ranar da ta tambayi abin da ubanta ya ce daga ƙarshe, ina yanka albasa. Na san abin da take jira. A wayarta mutum yakan yi doguwar wasiyya da ƙarfe a cikinsa.

Na ce, "Ya ce in miƙo masa takalminsa zai leƙa waje."

Ta jira. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ɗauki wata albasar ta fara ɓarewa. Can ta ce wane takalmi. Na zaci na manta. Na fata ne, ruwan ƙasa, igiyar na hagu ta tsinke ya ɗinke ta da zaren buhu.