Gyaren Farko na Mahaifiyar Darshil

A layin masu sayar da tsuntsaye na Mumbai, wata dattijuwa tana tsaye cikin farin sari, ta rungume kwalin takalmi kamar mai kai jariri asibiti. Tafiyarta ma ta tona ta: 'yar addinin Jain ce, irin masu kauce wa tururuwa a hanya. To me ya kawo ta rumfar Mushtak mai sayar da ƙwari, inda ko mahauci sai ya toshe hanci?

Tana buɗe kwalin, sai ga ɗan ƙadangare mai gemu, duk ya rame. Gefensa yankakken alayyahu ne, har da ɗigon man shanu.

Mushtak ya tuntsire da dariya. "Haba Masi," in ji shi, wato Inna a harshensu, "addininku kika shigar da shi? Ƙarami irin wannan gyare mai rai yake ci, ganye kaɗai sai ya kashe shi. Ai na Darshil ne ma! Ina malalacin ya shiga?"

"Yau kwana goma sha ɗaya da muka ƙona gawarsa," in ji ta.

Mushtak ya sake leƙa kwalin. Da alama cikin duk abin da ɗanta ya bari, wannan kaɗai ke numfashi.

Ta ɗauki gyare ɗaya, ta ce masa, "Ka yafe mini," ta sake shi cikin kwalin. Ƙadangaren ya cafke. Ta runtse ido.

"Sau nawa a rana, ɗana?"

"Sau uku, Masi."

Ta rufe kwalin. "To, zuba mini na mako guda."