Kifayen Ƙanena da Na Ɗauko Daga Sakkwato

A lokacin da abin ya faru ni mai fataucin awaki da tumaki ne, ina saye a Burkusuma in kai kasuwar Isa. Na yi shekaru a wannan sana'a dabba ba ta taɓa mutuwa a hannuna a kan hanya ba, kuma ban gajiya da faɗa wa mutane haka. Ƙanena malamin asibiti ne a Sakkwato. A falonsa yana da akwatin gilashi mai kifayen ado guda bakwai, abin da na sha yi masa tsiya a kai, ina tambayarsa ranar da za a soya su. Da Allah ya yi masa rasuwa sai munka ɗauko matarsa da ɗiyarsa 'yar shekara shida zuwa gida Isa, domin ta yi takaba cikin dangi. A ruɗewar wannan rana babu wanda ya tuna da kifi.

Yarinyar ce ta tuna. Ba ta tambayi kayan wasanta ba, kullum maganarta wa ke ba kifayen babanta abinci. Bayan sadakar bakwai na dafa kanta, na ce mata za ni kawo su duka bakwai da ransu.

Da na isa Sakkwato na buɗe gidan, wuta ta ƙare a mita, ɗan injin da ke busa masu iska ya tsaya, ruwan ya zama kore yana wari. Amma duka bakwai suna motsi. Maƙwabcin marigayin, wani malamin makaranta, ya shigo ya ba ni shawara. Ya ce in ɗebi ruwan da suke ciki a jarka in tafi da su, kada in ba su abinci sai mun isa, kuma in bar bakin jarkar a buɗe. Na yi masa godiya, a raina kuwa ina cewa ɗan boko zai koya mani tafiya da dabba. Abin da na sani shi ne, dabbar da za ta yi doguwar tafiya sai ta ƙoshi ta sha ruwa mai kyau. Yana fita na cika jarka da ruwan famfo garau, na zuba kifayen, na juye masu kusan rabin gwangwanin abincinsu. A tasha direba ya ce kada ruwa ya jiƙa buhunan mutane, sai na murɗe marfin tam, na tura jarkar ƙarƙashin kujera.

Saboda halin da hanyoyinmu ke ciki, ta Goronyo munka bi, ga rana, ga ramuka, ga tsayawa a shingayen bincike. Ko sau ɗaya ban leƙa ba, don hankalina kwance yake. Sai a Sabon Birni, da munka tsaya sallar la'asar, na jawo jarkar na buɗe. Ruwan ya yi fari kamar an dama kunu, ya ɗauki ɗumi. Shida sun juya ciki sama. Ɗaya ne kawai, wani baƙi marar kyan gani, ya manne a gindin jarkar yana numfashi. Na kwashe shidan na turbuɗe a bayan tasha, na roƙi ruwan rijiya a wajen mai shayi na canza wa wanda ya rage.

Daga nan zuwa Isa na shirya abin da za ni faɗa. Da na isa, na ce wa mutanen gida na tarar shida sun riga sun mutu, da ƙyar na ceto wannan. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon robar da munka sa shi, sannan ta tambaye ni ko yunwa ce ta kashe su. Na ce mata e. Uwarta da ke zaune a bakin ƙofa ta ce laifinta ne, ita ce ta kulle gida ba ta bar wa kowa mabuɗi ba. Ina jin ta, na bar ta da laifin.

Yau shekara uku ke nan, kifin na nan, na sa an kawo akwatinsa daga baya. Uwar har yanzu idan zancen ya taso sai ta ce sakacinta ne. Ina jin kunya ƙwarai, kuma ban samu bakin gyara maganar ba.

Abin da na koya shi ne, sanin akuya ba sanin kifi ba ne. Duk wanda aka ba amanar abin da bai sani ba, ya saurari wanda ya sani ko da ya raina shi. In kuma ya yi ɓarna, ya faɗa tun ranar, domin laifin da ka ƙi ɗauka wani ne zai ɗauke shi. A gidanmu sunan kifin nan Na-Baffa, wai don ni na cece shi. Duk ranar da na shiga, yarinyar kan miƙo mani gwangwanin in ba shi abinci da hannuna, tana gargaɗina da in sa kaɗan, wai babanta ya ce yawan abinci na kashe su.