Maganaɗisun Rediyon Kawu

Lakar da na ɗebo daga tafkin ƙauyen mahaifiyata, bayan garin Ruwan Godiya, ba laka ce kawai ba. A cikinta akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu ɗauke da ɗan ƙarfe a ciki; in ka kara maganaɗisu a jikin kwalba, sai su taru a wajen kamar kaji sun ga tsaba. Aikin digirina shi ne in cire musu ƙwayar gado ɗaya, in ga ko za su ɓata hanya. Na leƙa su a madubin duba ƙwayoyin cuta na asibiti a Kankara, na ga irin da ban taɓa gani a littafi ba.

Lakar tana son a bar ta ta kwanta, don haka na ajiye ta cikin jarka a zauren gidanmu, na roƙi kowa kada ya taɓa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana nan na faɗa, da rediyonsa manne a kunne. Ranar kasuwa ya tuttular da ita a kwata, ya ɗauraye jarkar, ya zuba fetur ɗin babur. Da na yi kuka, cewa ya yi ana ta karatun likita ni ina kiwon taɓo. A daminar nan mutanen ƙauyen suka watse saboda 'yan bindiga, hanya ta gagara. Ban sake ganin tafkin ba.

Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na ci gaba da durƙusawa ina gaishe shi, ina kallon rediyon nan da ko gona ba ya zuwa sai da shi.

Ranar da zan koma makaranta Kawu ya tafi jana'iza garin Sabuwa, ya bar rediyon a kan buzu. Na kwance bayansa, na ɓamɓare maganaɗisun sifika, na mayar da kusoshi tsaf. Ban tafi tasha ba sai da ya dawo, don ina son in gani. Ya murɗa, ya canza batir, ya bubbuga. Shiru.

“Ke ɗiyar nan, mi kika yi mashi?”

Na buɗe tafina na nuna masa. “Ɗauraye shi na yi, Kawu.”

Har yau maganaɗisun yana kan teburina a ɗakin gwaji, yana jawo ƙwayoyin tafkunan wasu garuruwa. Duk wadda ta taru sai na duba ta da kyau, ko tamu ce. Kawu ya aiko sau da yawa a karɓar masa. Na ce ranar da ya kwaso mini lakata daga kwata, ya zo ya ɗauka.