Wa ya ci da uwar jarumi?

Muna huɗar gero a ƙauyenmu Ƙofa, farkon yaƙin basasa, na ce wa Baba zan shiga soja.

Na kawo masa abin da na karanto a makarantar Kankiya: wajen Turawan da, masu bautar gumaka, jarumi shi ne wanda ya mutu da ƙuruciyarsa a fagen fama, mawaƙa suka riƙe sunansa.

Bai ɗago daga kan garma ba, ya ce, "Da ya mutu, wa ya ci da uwarsa?"

Na ce, "Baba, labarin bai faɗa ba."

Ya ce, "Nemo mini sunan wannan, sannan ka tafi."

Ban tafi ba. A hannuna Inna ta cika, Allah ya jiƙanta. Babu mawaƙin da ya san ni.

Ku a gidanku wa ya zauna?